Kafin ka kira mai tayil, ka fara gyara ƙasan ɗakin

Duk wanda ya taɓa shiga ɗaki ya taka tayil yaji yana ƙara kamar ganga ya san abin da nake nufi. Mutane sai su ce ai tayil ɗin ne mara kyau, ko mai sawa ne bai iya ba, toh wani lokacin hakane amma galibi matsalar tana ƙasa, a wurin da ba wanda yake kallo.

Idan sabon gini ne, daga ciko ake farawa. Kar ka yarda a juye maka tipa guda ta jar ƙasa a baje a ce an gama, a'a, kaɗan kaɗan ake zubawa kamar inci 6, a yayyafa ruwa a daddaɓe sosai sannan a ƙara wani, har a kai inda ake so. Kuma don Allah banda ƙasar bola ko baƙar ƙasar gona mai saiwoyi da ledoji, tana ruɓewa ta zauna daga baya, ranar da ta zauna kuwa daɓen ya bi ta tayil ya tsage. Ni nafi son a bar cikon ya sha ruwa na wasu kwanaki, in damina ce ma shikenan Allah ya hutar da kai. A nan ne kuma ake fesa maganin gara, kuma duk wani bututun ruwa ko na banɗaki da zai bi ta ƙasa a sa shi yanzu a gwada shi da ruwa a tabbatar baya yoyo.

Sai leda. Wannan ita ce mutane suka fi rainawa saboda suna ganin ɓarnar kuɗi ce, alhali ita ke hana danshi tasowa daga ƙasa, musamman in filinka fadama ne ko unguwar da rijiya bata da zurfi. Leda mai kauri, a shimfiɗa ta ko'ina, inda biyu suka haɗu a ɗora ɗaya kan ɗaya kamar taƙi guda, leburori kuma su kula kar su huda ta da shebur. A kanta ake zuba kankare, wanda magina ke cewa jaman fulo, kaurin inci 4 ya isa ɗakin kwana da falo. Bayan an zuba a riƙa ban ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7, in hunturu ne ko zafin bazara ma a rufe da buhuna masu jiƙa don iskar nan tana shanye ruwan kafin siminti ya kama. Kankare sai ya yi kwana 28 yake kai ƙarfinsa, kuma yana ɗan tsukewa yayin da yake bushewa, shi yasa gaggawar biki ko ta tarewa kan jawo tayil ya ɗago bayan wata biyu uku.

In kuma tsohon ɗaki ne zaka sabunta, cire ledar ɗaki ko kafet ɗin, ka kankare gam ɗin da ya rage tas. Ɗauki guduma ka bi ɗakin kana ƙwanƙwasawa, duk inda kaji sautin rami ka zana da alli a fasa shi a cike da sabon kwaɓi. Tsohon daɓen nan mai santsi da ake gogewa da garin siminti, ko mai jan kala, siminti baya kama shi, dole a sassare shi ko'ina ya yi kaushi. Wurin da mai ya zuba, kamar kicin ko inda ake ajiye janareta ko babur, a wanke da omo sosai ko a sare wurin gaba ɗaya. Kana son sanin ko akwai danshi? Yanki leda kamar rabin mita, manna gefunanta huɗu a ƙasa da salatif ka barta ta kwana ta wuni, in ka ɗaga kaga raɓa ko wurin ya yi duhu toh kar a sa komai tukuna.

Maganar lebur yanzu. A ɗauki siririn tiyo mai haske a cika da ruwa, a sa alama a bango mita 1 daga inda kake so saman tayil ya tsaya, a yi amfani da tiyon a zagaya da alamar duk ɗakunan gidan tunda ruwan da ke bakinsa biyu daidai yake tsayawa, daga ita ake aunowa ƙasa a ja igiya. Ɗora dogon katako miƙaƙƙe ko ƙarfen alminiyom mai mita 2 a ƙasa, in ramin da ke ƙarƙashinsa ya wuce milimita 3 kuma da gam za a manna tayil ɗin, sai an daidaita, balle manyan tayil ɗin nan masu santimita 60 da 60 da basa yafiya ko kaɗan. Kwaɓin daidaitawa buhu 1 na siminti ne da yashi mai tsafta kwanon sarki 8, wato baro 2, kar ya yi ruwa tsululu, ka dunƙula a hannu ya tsaya. Kafin a zuba shi a share ƙura, a jiƙa ƙasan, a shafa kunun siminti.

Banɗaki shi ba a son ya zama lebur, a karkatar da shi kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita zuwa magudana, kuma ya ɗan yi ƙasa da ɗakin. Watsa bokiti guda ka tsaya ka ga inda ruwan ya nufa. Sannan ka auna ƙofofinka tun yanzu, kwaɓi da tayil sukan ci santimita 4 zuwa 5, in ƙofar ƙarfe ce kuma an riga an kafa ta gara ka kira mai walda ya duba kafin a zuba komai.