Ga ɗalibin da zai sauka Kumasi karatu

Duk ɗalibin da ya baro Kano ko Zariya ko Damagaram ya nufo Kumasi, abin da zai fara ba shi mamaki shi ne yadda Hausa take tashi a kasuwar Kejetia da unguwannin Aboabo da Asawase, har mutum ya ɗauka bai tsallake iyaka ba. Wannan ba sabon abu ba ne, domin tun zamanin fataken goro da suke bin hanyar Gwanja suna sauka a Salaga, Hausawa suka kafa zango a ƙasar Asante, kuma har yau akwai Sarkin Zango a Kumasi wanda fadar Manhyia, wato fadar Sarkin Asante, ta san da zamansa. Ni'ima ce babba ga baƙo, amma a shekarun da na yi a garin na ga ɗalibai da yawa waɗanda sauƙin ya shagaltar da su, suka manta cewa ƙasar wasu suka zo, mai dokokinta da al'adunta.

Ka fara da takardu, ɗan'uwa, tun kafin ka fara neman inda ake sayar da tuwo. Ka riƙo katin rigakafin zazzaɓin shawara, domin ana tambayarsa wajen shiga. Ɗan ƙasar ECOWAS yana shiga Gana ba tare da biza ba, amma kwana 90 kawai yake da su, karatun digiri kuwa shekaru ne, saboda haka dole ne ka nemi izinin zama daga hukumar shige da fice, kuma ofishin kula da ɗalibai baƙi na jami'arka shi ne zai nuna maka hanya. Akwai kuma katin shaida na baƙi, wato Ghana Card na wanda ba ɗan ƙasa ba, wanda za a nema a wurinka wajen rajistar layin waya da buɗe asusun banki. Kada ka yi wasa da layin nan, domin a kansa ake buɗe MoMo, wato asusun kuɗi na wayar hannu, kuma da MoMo mai shago da mai gida da ma mai sayar da abinci a bakin titi suke karɓar kuɗi. Yawanci da dala ake ƙiyasta wa baƙi kuɗin makaranta, sauran hidimar yau da kullum kuwa da sidi ake yi, don haka ka sanar da mahaifanka tun da wuri cewa canji yana iya cinye wani kaso na abin da suka aiko.

Sai masauki. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, wadda aka buɗe a 1952 a matsayin kwaleji, tana da gidajen kwana a ciki, irin su Unity da Katanga, amma ba sa isar kowa, shi ya sa ɗalibai suka cika Ayeduase da Kotei da Bomso. Masu gidaje sun saba neman kuɗin shekara guda ko biyu a dunƙule, duk da cewa dokar haya ta 1963 ta tsaya ne a wata shida. A shekarata ta farko na ba wani dillali kafin alƙalami saboda kawai ya yi mini Hausa ya kira ni ƙanensa, sai da na iso da kayana na tarar ɗakin da mutum a ciki, kuma kuɗin bai dawo ba. Ka je da ƙafarka ka ga ɗakin, ka murɗa famfo ka ga ko ruwa yana zuwa, ka tambayi mutum nawa ne suke haɗa mitar wuta, sannan ka karɓi rasit da sa hannun mai gida.

A wajen abinci ne zuciyar baƙo take kwanciya. Da sassafe za ka tarar da wata Hajiya zaune bayan babbar tukunya tana kwasar koko mai yajin citta da kanumfari, ga ƙosai yana fita daga mai, ga layin ma'aikata da ɗalibai, Musulmi da Kirista, kowa yana jiran a zo kansa. Mutanen Gana da kansu "Hausa koko" suke kiransa. Abin da suke kira waakye shinkafa da wake ce tamu, sai dai ana dafa ta da karan dafi har ta yi ja, a zuba ta cikin ganye, a ɗora taliya da garin rogo da ƙwai da baƙin yajin nan nasu mai suna shito. Tuwon da suke rubutawa TZ ma daga tuwon zafi sunan ya fito. Dokunu da banku kuwa tsaminsu yana ba sabon zuwa wuya a makon farko, amma ina ba ka shawara ka daure ka koya, domin suna da araha kuma suna riƙe ciki tsawon yinin karatu. Idan za ka ci sakwara da miya a gidan abincin da ba na zango ba, ka tambayi irin naman da ke ciki kai tsaye, ba wanda zai ga laifinka.

Game da harshe, abu biyu nake so ka riƙe. Hausar zango ba ta cika bambanta namiji da mace ba, za ka ji dattijo ya ce "yarinya ya zo", kuma akwai kalmomin Twi, wato harshen Asantawa, da na Turanci a cikinta. Kada ka gyara wa kowa magana, kada kuma ka yi murmushin raini, domin mutanen nan sun riƙe harshen nan shekaru aru-aru nesa da gida, kuma su ne za su tsaya maka ranar da ka kwanta ciwo. Na biyu, ka koyi Twi ko da ta gaisuwa ce. Idan ka ce "maakye" da safe, ka ce "medaase" bayan an ba ka canji, yaron motar haya da suke kira trotro da 'yar kasuwa za su sake maka fuska. Asantawa suna ƙin a miƙa musu abu da hagu kamar yadda muke ƙi, kuma idan ka shiga taro za ka gaisa, daga dama ake farawa a bi zuwa hagu.

Agogon Gana yana bayan na Nijeriya da Nijar da awa ɗaya, sai ka lura da wannan idan za ka kira Inna, kuma ka bi jadawalin sallah da na sahur na garin da kake. Juma'a ranar aiki ce cikakkiya, wani lokaci darasi yakan faɗo daidai da huɗuba. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Gana tana da reshe a jami'a, kuma tsofaffin ɗalibanta sun san yadda ake roƙon malami cikin ladabi ya sassauta. Ranakun sallah ƙarama da babba duka hutu ne na ƙasa.

Damina a Kumasi kashi biyu ce, babbar daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙaramar daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma laimar iska takan sa tufafi su yi fumfuna a cikin akwati idan ba a shanya su ba. Ka sayi lema da gidan sauro a makonka na farko, ka kuma yi rajista a asibitin jami'a kafin zazzaɓi ya kai ka can.