Yadda na shawo kan matsalar buɗe hotunan CR3 a darktable

Hotunan da na ɗauka a kasuwar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis sun ƙi buɗuwa a darktable, manhajar gyaran hoto ta kyauta da masu sha'awar hoto daga ƙasashe daban-daban suke haɗa hannu wajen ginawa. Kyamarata tana ajiye ɗanyen hoto, wato wanda ba a sarrafa ba tukuna, a tsarin fayil mai suna CR3, alhali sigar da ke kwamfutata tsohuwa ce, domin sai daga siga ta 3.8, wadda ta fito a Disambar 2021, manhajar ta fara karanta wannan tsari ta hanyar LibRaw, wata manhaja mai karanta ɗanyun hotunan kyamara. Da yake sabis ba shi da ƙarfi a ƙauyenmu, sai na shiga Gumel na sauke sabuwar siga. Nan take raƙuman suka bayyana, har na samu damar rage hazon da ya dusashe launinsu.