Kuɗin Pupil Premium a Ingila: yadda za ka sa makarantar ɗanka ta samu, ka kuma bi sawunsa

'Yan uwa mazauna Ingila masu yara a makarantun gwamnati, akwai wani kuɗi da ake cewa Pupil Premium wanda tun 2011 gwamnati ke ƙara wa makarantu saboda 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi. A shekarar 2024 zuwa 2025 duk yaro ɗaya na firamare da ya cancanta an ba makarantarsa fam 1,480, na sakandare fam 1,050, wanda hukuma ke riƙo a madadin iyayensa ko wanda aka karɓi riƙonsa daga hannunta kuma fam 2,570. Ba hannunka za a damƙa ba, makaranta ake ba (na yaron da hukuma ke riƙo kuwa ta hannun kansil yake bi), amma fa sai sunan yaron ya shiga lissafi.

Abu na farko, ka cike fom ɗin abincin makaranta kyauta, ko a ofishin makaranta ko a shafin kansil ɗin unguwarku. Nan ne mutanenmu da yawa ke sakaci, saboda tun 2014 duk yaran ajin share fage da aji ɗaya da aji biyu ana ba su abinci kyauta ko iyaye sun cike fom ko ba su cike ba, sai uwa ta ce ai yarona na ci, me zan cike kuma, alhali rashin rajistar nan ke sa makaranta ta rasa kuɗin gaba ɗaya. Kuma in an yi rajista sau ɗaya, ko samunka ya ƙaru daga baya, ana ci gaba da lissafa yaron har shekara shida. Masu bizar da ta hana karɓar tallafin gwamnati su ma su tambaya, tun 2022 aka tabbatar musu da wannan damar in samunsu bai wuce iyaka ba. Don Allah kar kunya ta hana mu, haƙƙin yaro ne.

Sai bin sawu. Dole makaranta ta sa bayanin yadda za ta kashe kuɗin a shafinta na intanet kafin 31 ga Disamba duk shekara, to ka buɗe ka karanta. Yawanci kashi uku za ka gani kamar yadda cibiyar EEF, mai binciken hanyoyin inganta ilimi a Ingila, ta ba da shawara: inganta koyarwa da horar da malamai, sai lesin na ƙananan rukuni ga waɗanda aka bari a baya a karatu ko lissafi, sai su karin kumallo da bibiyar masu fashin makaranta da biyan kuɗin fita yawon ilimi. Ni dai na fi son in ga kaso mai tsoka ya tafi kan malamai, don malamin kirki kullum yana gaban yaron.

Kar ka ce sai an kashe fam 1,480 ɗin a kan ɗanka shi kaɗai, ba haka tsarin yake ba, haɗa kuɗin ake yi. Abin da za ka yi ranar ganawar iyaye da malamai shi ne ka tambayi malamar ajin wane taimako ɗanka yake samu, sau nawa a sati, kuma da me za a gane ya ci gaba. In amsar ba ta gamsar da kai ba ka nemi ganin shugaban makarantar, daga nan ka rubuta wa kwamitin da ke sa ido a kan makarantar.