Yadda ake gyaran katakon kicin da ruwa ya ci a gefen sinki

Yawancin mutane da sun ga fomeka ta fara ɗagowa a gefen sinki, sai su sayo silikon, wato gam mai kamar roba da ke toshe hanyar ruwa, su lafta a kai. Bayan wata biyu katako ya sake kumbura, wari ya taso, kyankyasai sun samu gida. Ni ma haka na yi a gidanmu na Hotoro a Kano, kuma sau biyu na kashe kuɗi a kan aiki ɗaya.

Fara da gano ta inda ruwan ke shiga. Kwashe kayan da ke ƙarƙashin sinkin, ka goge wurin, ka shimfiɗa tsohuwar jarida. Buɗe famfo ka duba jaridar. Toshe sinkin ya cika, ka saki ruwan gaba ɗaya, ka sake dubawa. Sai ka tsiyaya kofi ɗaya na ruwa a kewayen bakinsa. Idan a gwaji biyun farko jaridar ta jiƙe, aikin mai gyaran famfo ne tukuna. Idan sai a na uku, tsohon silikon ne ya saki.

Rufe ruwa, ka yanke tsohon silikon da reza, ka ɗaga sinkin gaba ɗaya. Kada ka ce za ka yi gyaran yana zaune, ɓarnar a ƙarƙashin leɓensa take. Soka sukundireba a katakon. Duk inda ya nutse, ko ya marmashe kamar burodin da aka tsoma a shayi, ya mutu. Katakon MDF, wanda ake yi da garin katako da aka matse da gam, idan ya sha ruwa ya kumbura ba ya komawa, ko shekara zai yi a rana. Kankare shi har ka taras da mai tauri.

Busarwa ce ta kayar da ni. Cikin Agusta na yi nawa, ana tsaka da ruwa. Na bar shi kwana biyu, na shafa na ji sama ta bushe, na rufe, ashe cikinsa sharkaf yake. Danshin da na kulle ne ya ci gaba da cin katakon, har baƙar fumfuna ta fito a bayan durowa. Hannu ba ya gane wannan. Yanko farar leda kamar tafin hannu, ka manna ta a wurin da salatif ta kowane gefe, ta kwana. Idan da safe ka ga raɓa a cikinta, ko katakon da ke ƙasanta ya yi duhu, da saura. Da hunturu kwana 3 zuwa 4 kan isa. Da damina ka ba shi mako guda ko fiye, durowoyi a buɗe, fanka na kaɗa wurin duk lokacin da aka kawo wuta. Kada ka kanga masa kurfoti ko risho don sauri, fomekar da ke da lafiya ma za ta ɓamɓare. Uwargida za ta ƙosa, a ba ta haƙuri, a yi wanke-wanke a baho na 'yan kwanaki.

Idan ramin ƙarami ne, kwaɓa garin katako da Araldite, gam ɗin nan mai kwaɓi biyu, ka cike, ya bushe ka bi da sanfefa. Farin gam ba na wurin ruwa ba ne, ni ba na yarda da shi a nan. Idan ya fi tafin hannu, yanke wurin ka sa guntun marin bod, wato filawud mai jure ruwa, mai kaurin milimita 18, ka tokare shi da wani katako ta ƙasa. Ba sai ka sayi fallen guda ba, a 'Yan Katako ta Na'ibawa ko wurin kafintan unguwa ana samun ragowa da araha. Gam da silikon kuwa sai kasuwar Ƙofar Ruwa, kuma ka duba kwanan watan da ke jikin silikon ɗin, tsoho ba ya kamawa.

Duk gefen da zarto ya bi ka shafe shi da fentin mai sau biyu, domin ta nan katako ke shan ruwa. Shafa gam ɗin Evo-Stik a fomeka da katako, jira kamar minti 10 har ya daina kama yatsa, ka danne. Goge bakin sinkin da sifirit, zagaye shi da silikon ba tare da yankewa ba, zaunar da shi, ka share abin da ya fito da yatsa mai ruwan sabulu. Kada ruwa ya taɓa wurin sai bayan awa 24.