Kurakuran da Masu Koyon Zane da Fentin Ruwa Suka Fi Yi

Na gaji da ganin masu koyon zane da fentin ruwa suna ɓata aikin da ya fara kyau da hannunsu, saboda ɗokin gyara abin da bai nemi gyara ba.

Mafi muni shi ne komawa kan wurin da ya fara bushewa. Mutum zai shimfiɗa launin sararin sama, ya hango ɗan tabo a gefe, sai ya tsoma buroshi a ruwa ya koma yana gogewa. Fentin ruwa garin launi ne da aka haɗa da ƙaro, irin wanda ake ɗiba a jikin dakwara, kuma ƙaro yana narkewa duk lokacin da ruwa ya sake taɓa shi. Sabon ruwan yakan tura launin da ke ƙasa zuwa gefe ya bar shaci mai duhun baki, idan kuwa aka dage da gogewa, fuskar takardar ta saɓule, launin ya koma kamar ruwan kwata. Wannan ɗabi'a ta cinye mini takardu masu tsada, shi ya sa nake zafafawa a kanta. Abin da nake yi shi ne in karkata takardar wajen haske: muddin tana sheƙi zan iya ƙara launi, da zarar sheƙin ya dusashe kuwa sai in ajiye buroshi har ta bushe ƙamas. Da hunturu wannan dama ba ta daɗewa, don haka nakan dama launi isasshe tun kafin in taɓa takarda.

Shi kansa tabon da ake gudu, a dube shi da kyau bayan ya bushe. Sau da yawa ya fi kama da gefen gajimare ko ɓawon itace fiye da duk abin da hannu zai iya tsarawa da gangan. Turner, mai zanen nan na Ingila da ya rasu a 1851, har da farcen babban yatsansa yakan kankare takarda don ya fito da haske, bai damu da ta kasance sumul ba.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi, domin na rashin kallo ne. A zaunar da ɗalibi gaban kuka, sai ya zana bishiyar da ke cikin kansa: gindi a miƙe, rassa daidai dama da hagu, ganye ɗaya bayan ɗaya. Haba! Wace kuka ce haka? Wadda ke gabansa ta karkata, jikinta duk tabon inda aka ɓare ɓawo don tukar igiya, wani reshen ya karye, da rani kuma ko ganye babu. Waɗannan su ne kamanninta, wanda ya share su ya share bishiyar. Ni ba na ɗaukar fensir sai na daɗe ina kallo, kuma ganye nakan yi shi dunƙule guda, in bar ɓuloli inda sama ke leƙowa.

Sauran ƙanana ne. Takarda mara kauri tana lanƙwashewa, a nemi mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita (300 gsm), ta auduga idan da hali. Farin takarda shi ne farin zanen, a bar wurinsa tun farko. Launi yana yin haske idan ya bushe, saboda haka a sa shi da ɗan ƙarfi. Haɗa launuka fiye da uku yakan kashe su duka. Baƙin fenti ba na kusantarsa wajen inuwa, shuɗi da ruwan ƙasa nake haɗawa, kodayake akwai ƙwararrun da ba su yarda da ni a nan ba. Kofin ruwa kuma biyu nake ajiyewa, ɗaya na wanke buroshi, ɗaya na dama launi.