Gano rufaffun manhajoji a Linux: kurakuran da aka fi yi

Da yawa daga masu amfani da Debian ko Ubuntu sun ɗauka duk abin da ke cikin kwamfutarsu buɗaɗɗe ne, wato lasisinsa ya ba kowa damar dubawa da gyarawa da rabawa, tunda Linux ce. Ba haka ba ne. Google Chrome kyauta ake sauke shi, amma lasisinsa a rufe yake. Chromium, burauzar da aka gina Chrome a kanta, ita ce buɗaɗɗiyar.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne dogaro da vrms kaɗai, manhajar da ke lissafo rufaffun manhajojin da aka girka, wanda yanzu ake kira check-dfsg-status a Debian. Shi sashen rumbun Debian da aka ajiye kunshi (manhajar da aka shirya don girkawa) kawai yake dubawa, wato non-free, sashen rufaffun manhajoji, ko contrib. Idan ka sauko da fayil ɗin .deb na Chrome daga shafin Google ka girka, zai wuce shi bai ce uffan ba, kai kuma ka saki jiki. Ka buga `apt policy` da sunan kunshin don ka ga inda ya fito, sannan ka leƙa /etc/apt/sources.list.d/, nan ne rumbunan kamfanoni suke sauka. In kana shakkar lasisi, buɗe fayil ɗin copyright na kunshin a /usr/share/doc/.

Snap da Flatpak kuwa, wasu hanyoyin girka manhaja ne daban, kuma apt, mai kula da kunshi a Debian da Ubuntu, bai san da zamansu ba. Sai ka bi su daban da `snap list` da `flatpak list`. `snap info` da `flatpak info` suna nuna lasisin. A rumbun Ubuntu kuwa, sassan restricted da multiverse za ka sa wa ido.

Ana kuma yi wa contrib kuɗin goro. Abin da ke cikinsa buɗaɗɗe ne, sai dai yana jingine da wani abu da ba ya cikin main, babban sashen buɗaɗɗun manhajoji.

Direbobi ma, wato manhajojin da ke sarrafa sassan kwamfuta, suna ɓuya. Buga `cat /proc/sys/kernel/tainted`. Idan lambar da ta fito mara ce, kamar 1 ko 4097, an loda rufaffen direba, galibi na NVIDIA.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai gaggawar gogewa. Tun daga Debian 12 a 2023 aka ware sashen non-free-firmware, na rufaffun manhajojin da sassan kwamfuta ke buƙata don su yi aiki, kuma a ciki ne firmware-iwlwifi da intel-microcode suke. Ka goge na farkon a kan laftof mai katin Wi-Fi na Intel, Wi-Fi ya ɗauke, ba ka da hanyar sake sauko da shi sai ka sami intanet ta wata hanyar, kamar kebul. Kafin ka cire komai, gwada `apt remove -s` tukuna. Zai nuna maka duk abin da zai tafi tare da kunshin ba tare da ya taɓa ko ɗaya ba.