Kafin ka sa baki a gardamar kofi: ga sabon ɗalibi a jami'ar Amurka

Asabar ta farko da makarantarmu ta buga wasa a gida, na sauko da hantsi zan je kanti, sai na tarar babu motar da wani ɗan'uwa ya ara mini. Na zagaya layin sau biyu ina salati. Wani dattijo da ke gasa nama a bayan akori-kurarsa ne ya nuna mini ƙaramin allo a jikin turken wutar lantarki: an hana ajiye mota a nan ranar wasa. Tun da asuba aka ja ta. Kuɗin da na biya kafin a sako mini ita sun isa cefanen wata guda. Daga ranar na koma duba jadawalin wasanni kamar yadda nake duba na jarrabawa.

Ƙanena, ko ƙanwata, in garin jami'a ka sauka, wasa ya shafe ka ko ba ka kallo. Filin jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum sama da 107,000, kusan yawan mutanen Ann Arbor, garin da filin yake. Malamin da ke duba aikinka, direban bas, matar da ke karɓar kuɗi a kanti, duk da zancen wasan jiya suke buɗe gaisuwa, kamar yadda mu muke tambayar gajiya da iyali. Abin da suke kira football kuma ba tamaularmu ba ce, wannan ce mai hular kwano da kokawa. Tamu soccer suke ce mata. Ni a nan zan ce ƙwallon Amurka, don kada mu rikice.

Gardamar da ba ta mutuwa a ɗakin cin abinci ita ce: wane kofi ya fi wuyar ɗauka? Na shekara ina sauraro kafin na gane dalilin da ya sa ba a raba ta. Masu gardamar ba abu ɗaya suke aunawa ba. Wani yana nufin wuyar da gwani ke sha kafin ya kai gida da kofin da kowa ya san ya cancanta. Wani kuma yana nufin wuyar da ƙaramar makaranta ke sha kafin ma a bar ta ta shiga fili.

Fara da ƙwallon kwando, don ita za ta fara cin maka lokaci. Makarantu kusan 360 ne a rukunin farko na NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, kuma duk wadda ta ci gasar ƙungiyarta (makarantun a rarrabe suke ƙungiya-ƙungiya) tana da gurbi a babbar gasar watan Maris, wadda ake kira March Madness. A 2011 aka mai da masu shiga 68. Ƙofa a buɗe take ke nan. Amma sili ɗaya ƙwale ne daga farko har ƙarshe: wasa shida a jere cikin mako uku, kowanne minti 40, ranar da hannunka ya ƙi ka, ka hau bas. Wanda ya san yadda Kano Pillars ta ci gasar lig har sau huɗu kafin ta taɓa ɗaga kofin ƙalubale a 2019 ba ya bukatar dogon bayani.

Rabon da wata makaranta ta gama kaka ba a ci ta ba, a ɓangaren maza, tun Indiana a 1976. Kentucky ta ci wasa 38 a jere a 2015, Wisconsin ta tare ta a wasan kusa da na ƙarshe. Gonzaga ta iso wasan ƙarshe a 2021 da nasara 31 babu faɗuwa, Baylor ta yi mata dukan kawo wuƙa. A 2018 kuwa Virginia, wadda aka sa a gaba da kowa a ƙasar, ta faɗi a wasanta na farko hannun wata makaranta mai suna UMBC da ci 74 da 54, abin da ba a taɓa gani ba. Shekara na zagayowa Virginia ɗin ta ɗauki kofin. In ka haɗu da ɗan makarantar, 2019 za ka ambata.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, wanda har yanzu in ka ce kai ɗan Nijeriya ne dattawan Texas sunansa suke fara kawo maka. Jami'ar Houston ta kai zagayen huɗun ƙarshe sau uku a jere yana cikinta, 1982 da 1983 da 1984. A 1983 kowa ya gama ba su kofin, ga shi ga Clyde Drexler, abokan karawarsu NC State kuwa an ci su sau 10 a kakar. Ana 52 da 52, saura daƙiƙoƙi, wani ɗan NC State ya wurga ƙwallo daga nesa ba ta ko kai kwando ba. Lorenzo Charles yana tsaye a ƙarƙashi, ya cafe ta a sama ya dannata ciki, aka tashi. Olajuwon aka ba kyautar gwarzon gasar duk da an ci su. Washegarin shekara Georgetown ta sake hana su. Mutumin da ya je ya ci kofin NBA, gasar ƙwararrun ƙwallon kwando, sau biyu, 1994 da 1995, bai samu na jami'a ba. A 2025 Houston ta sake zuwa wasan ƙarshe, Florida ta ci ta 65 da 63. Haka nan akwai Adama Sanogo ɗan Mali, wanda ya kai jami'ar Connecticut (UConn) ga kofin 2023 yana azumin Ramadan, aka ba shi gwarzon gasa. Wannan ka riƙe shi. Yana sauƙaƙa maka bayani ranar da abokan ajinka suka tambaye ka yadda kake wuni ba ruwa.

Za a ce maka ai UCLA ta ci sau 10 cikin shekara 12 a hannun koci John Wooden, bakwai a jere daga 1967 zuwa 1973. Gaskiya ne. Sai dai kafin 1975 masu shiga gasar ba su wuce 25 ba, wasa huɗu ya isa kofi, kuma gwanaye ba sa tserewa zuwa NBA bayan shekara ɗaya.

Ƙwallon Amurka wata duniya ce daban, kuma a ganina nan rashin adalcin yake. Makarantu 130 da 'yan kai ne a babban rukuni, amma NCAA ba ita ke ba da wannan kofin ba. Shekaru da dama ƙuri'ar 'yan jarida da ta masu horarwa ce ke naɗa zakara, har akan wayi gari da zakaru biyu a shekara ɗaya. A 1998 aka fara haɗa na ɗaya da na biyu su kara. Daga 2014 zuwa 2023 aka koma makarantu huɗu, kwamiti ne ke zama a ɗaki ya zaɓe su. A cikin waɗannan shekaru 10 makarantu shida kacal suka raba kofin: Alabama sau uku, Clemson da Georgia sau bibbiyu, sai Ohio State da LSU da Michigan. UCF ta ci duk wasanninta 13 a 2017, ba a ko gayyace ta ba, ta je ta buga wa kanta tutar zakara. Florida State ma ta ci 13 babu faɗuwa a 2023, kwamiti ya ajiye ta saboda jagoran wasanta ya karye a ƙafa. Ka ci kowa a fili, a kayar da kai a ɗakin taro.

Dalilin a bayyane yake. Wasan yana cin mutane: 'yan wasa kusan ɗari, manyan ƙatti da ake rububinsu tun suna sakandare, ga kuɗin talabijin da ke kwarara zuwa manyan ƙungiyoyin makarantu irin su SEC da Big Ten. A ƙwallon kwando mutum biyar ne a fili, yaro ɗaya mai zafin hannu yana iya kifar da giwa. A nan kuwa mai ƙarfi yakan danne mara ƙarfi, sa'a ba ta da wurin shiga sosai. Rabon da makarantar da ba ta cikin manya ta zama zakara tun BYU a 1984. An faɗaɗa gasar zuwa 12 daga kakar 2024, kuma a Janairun 2026 Indiana, wadda aka daɗe ana yi wa dariya a wannan wasa, ta ɗauka ba a ci ta ko sau ɗaya ba. Abin mamaki ne ƙwarai, amma ka lura ita ma 'yar Big Ten ce, a babban gida take cin tuwo.

Saboda haka in makarantarka ƙarama ce kuma ka ga ana rungume-rungume don an ci maƙwabta ko an samu gayyatar wasan ƙarshen shekara da suke kira bowl, kada ka tambayi ina kofin ƙasa. Na taɓa yin wannan tambaya a gaban mutane, aka yi tsit kamar ruwa ya ci makaɗi.

Wanda ban zata ba shi ne besbol, wasan da ɗaya ke jefa ƙwallo ɗaya yana bugun ta da sanda. Na ɗauke shi wasan barci, har wani abokin ɗakina ya zaunar da ni ya zana mini tsarin a bayan takardar cefane. Makarantu 64 ke shiga. Zagayen farko rukuni ne na hurhuɗu, sai an ci ka sau biyu ka fita. Zagaye na biyu wanda ya riga cin biyu cikin uku. Takwas ɗin da suka tsira su tafi Omaha a jihar Nebraska, inda ake yin ƙarshen gasar tun 1950, a sake sabon lale. Ka ce ai da wannan rangwamen gwani ba zai faɗi ba. Ina! Tun da Miami ta ci a 1999 tana matsayi na ɗaya, ba a sake samun na ɗaya ya ɗauka ba sai Tennessee a 2024. A 2022 Ole Miss, wadda da ƙyar aka saka sunanta a cikin 64 ɗin, ita ta tafi da kofin. Sirrin yana hannun mai jifa: gwaninka in ya yi jifa yau, sai ya huta kwanaki, gobe dole ka miƙa ƙwallo ga na uku ko na huɗu. Ga kuma sanyi. Ana fara kaka a Fabrairu, lokacin da filayen arewacin Amurka ke ƙarƙashin ƙanƙara, sai makarantun can su yi makonni suna yawon buga wasa a kudu. Ohio State a 1966 ita ce ta ƙarshe daga Big Ten da ta ci. In aka matsa mini sai na zaɓa, nakan ce ga wanda ya fi kowa iyawa, besbol ya fi wuya, ƙwallon kwando na bin sa. Ga talakan makaranta kuwa, ƙwallon Amurka ba ta da na biyu.

Sauran ba sai na ja ba. Tamaularmu makarantu 48 ke shiga gasar maza, kaka gajeriya daga Agusta zuwa Disamba, ƙwallo ɗaya ko bugun fenareti ya raba gardama; haka Vermont ta ci a 2024 ba wanda ya sa ta a lissafi. Kokawa da guje-guje maki ake tarawa, shi ya sa gida ɗaya kan riƙe su shekara da shekaru: Oklahoma State tana da kofin kokawa 34, Penn State ta ci fiye da 10 tun 2011. A guje-guje na ɗaya maki 10 yake samu, don haka mutum ɗaya kan ɗauki makaranta a kafaɗa, kamar yadda Divine Oduduru ya ci mita 100 da mita 200 a 2019, Texas Tech ta zama zakarar maza. Tobi Amusan ma daga gasar jami'o'in nan ta fito, ta ci wa jami'ar UTEP tseren tsallake shinge a 2017. Matan UConn kuwa sun taɓa cin wasan kwando 111 a jere.

Yanzu abin da zai same ka kai tsaye. A watan Maris za a miƙo maka takardar hasashe, ka cike wanda zai ci wane har zuwa ƙarshe. Tambayi ko da kuɗi a ciki. In akwai, caca ce, ka ce za ka cike ta nishaɗi kawai. Ba wanda zai ji haushi. In kuma kana buga wa makaranta wasa, dokar NCAA ma ta hana ka sa ko dala ɗaya. Za a gayyace ka walimar bakin fili kafin wasa, ana gashi ana kiɗa tun safe. Ka je, nan ake sabo da mutane, amma ka tambayi naman mene ne, don tsiran alade ya fi yawa, kuma lemo da giya a sanduƙin ƙanƙara ɗaya ake zuba su. Ka san launin abokan gabar makarantarka kafin ka sayi rigar sanyi. Jar riga a Ann Arbor ranar da Ohio State ta zo neman magana ce. Wanda ya zo da tallafin karatu na wasa, tun 2021 an yarda 'yan wasa su karɓi kuɗin talla da sunansu, amma bizar ɗalibi tana da nata sharuɗɗan aiki, don haka kada ka sa hannu a komai sai ka je ofishin ɗaliban ƙasashen waje.

Tikitin ɗalibai yana da araha, wasu wasannin ma katin makaranta kawai za ka nuna a ƙofa, musamman tamaula da besbol. Wasan ƙwallon Amurka yakan ci awa uku da rabi, ga layin shiga, kuma a filaye da yawa in ka fita ba ka dawowa. In na rana ne, ka yi alwala tun daga gida, ka duba lokacin La'asar, ka sa ƙaramar darduma a aljihun riga, don yawancin filayen ba sa barin a shiga da jaka sai 'yar ƙarama ko wadda ake ganin cikinta.